Nonon Da Ya Yi Kwantai: Kwata Ko Akurki?

Duk wanda ya saba bi ta Kasuwar Rimi ko ta Ƙofar Wambai da la'asar sakaliya a tsakiyar damina ya san yadda fuskar mai nono take canzawa idan rana ta fara jirkicewa. Tun da hantsi ta shigo birni daga wajen Kura, ko Dawakin Kudu, ko Gezawa, da ƙwaryarta da ludayinta da faifanta. Shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, kowace ruga ta tatsa da yawa, kowace Bafulatana ta kawo, masu saye kuwa su ne dai na jiya. Ludayin da aka sayar da daraja da safe, da yamma sai a roƙi mai saye ya taya. Abin da ya rage ya yi tsami, ya fara tsinkewa, ruwa a sama gudaji a ƙasa. Idan ta koma da shi gida ta biya masa kuɗin mota, gobe kuma babu mai kallonsa. Wani lokaci a ba almajirai, wani lokaci a tsiyaye shi a kwata a ɗauraye ƙwarya.

A daidai wannan lokaci, a wani lungu na Yakasai ko Dandago, wata uwargida tana tsaye da kwanon dusa tana auna wa kaji takwas abin da zai kai su gobe, tana lissafin yadda kwanon ya yi tsada. Tsakanin matan nan biyu bai fi tafiyar minti goma ba. Ɗaya tana zubar da abin da ɗayar take nema, kuma babu wanda ya haɗa su.

Kiwo a cikin birnin Kano tsohon al'amari ne. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, an gina ta ne da faɗin da zai ɗauki mutane da gonakinsu da dabbobinsu idan yaƙi ya tsare ƙofofi. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin badala ba, saura gonaki ne da lambuna. Yau gini ya cinye filin, an cike kududdufai da yawa, garken shanu ya fita bayan gari. Abin da ya rage na kiwo shi ne akuyar turke, da ragon layya, da tattabarun saman soro, da kaji. Gonar mutumin cikin birni ta koma tsakar gida da bayan ɗaki.

Kazar nan kuwa asusun mace ce. Da ita ake biyan kuɗin Laraba na makarantar allo, da ita ake sayen magani idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka ko an tafi barkar mai jego. Amma kazar gida ba ta da yawan ƙwai. A irin kiwon sake da ake yi mata, abin da takan yi a shekara bai wuce 40 zuwa 60 ba, sau uku ko huɗu tana kwanci, kuma 'yan tsakin da ta ƙyanƙyashe da yawansu ba sa kaiwa girma. Ana ɗora laifin a kan shirwa da sanyin hunturu, kuma suna da nasu kason. Sai dai babban kaso na yunwa ne, irin yunwar da ba a gani, domin kazar ta cika maƙoƙo da dusa da ƙanzo amma jikinta bai sami abin gini ba.

A nan ne nono yake da abin faɗa. Dusar gero da ta dawa da ta masara suna ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsu kaɗan ne, kuma wanda ke ciki yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda ɗan tsako ba ya girma sai da shi. Madara tana da shi a wadace. Tana kuma ɗauke da bitamin B2, wanda rashinsa ke sa yatsun 'yan tsaki su nannaɗe ciki har su kasa tafiya, kuma ya sa ƙwai ya ƙi ƙyanƙyasa. A ruwan madara ma masana suka fara gano wannan bitamin. Kazar karkara tana cike wannan giɓi da gara da fara da tsutsa, shi ya sa yaran ƙauye suke fasa suri su kawo wa 'yan tsaki gara. Kazar da ke Soron Ɗinki ko Mandawari, a gidan da aka shafe tsakarsa da siminti, ina za ta ga suri?

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. A yankin Bresse na ƙasar Faransa akwai wata kaza mai fararen gashi da shuɗɗan ƙafafu wadda doka ta kare sunanta tun 1957, kuma cikin sharuɗɗan kiwonta akwai ciyar da ita hatsi da madara, musamman a makonnin ƙarshe kafin yanka. Tana cikin kajin da suka fi tsada a Turai. A gundumar Sussex ta Ingila, a ƙarni na 19, an yi sana'ar ƙiba da kaji da garin hatsi da madara da kitse ana aikawa kasuwar Landan ta jirgin ƙasa. A Amurka kuma, a shekarun 1920, kafin zuwan magungunan zamani, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya sun ba manoma shawarar zuba garin madara mai yawa a abincin 'yan tsaki na 'yan kwanaki don rage ɓarnar cutar kashin jini. Manoman can sun kasance suna cire mai su sayar, tsalar da ta rage su juye wa kaji da aladu. Abin da Bafulatana take samu bayan ta kaɗa ta kwashe man shanu, shi ne dai abin da suke juyewa.

To amma kafin kowa ya ɗauki kwano ya nufi mai nono, akwai lissafin da ya kamata a yi a fili, domin shi ne zai raba hikima da wauta.

Madara kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Lita guda tana ɗauke da furotin kimanin giram 33. Kazar da ke ƙwai tana bukatar wajen giram 17 zuwa 18 a rana, wato kaji goma suna neman kusan giram 180. Lita guda ta nono za ta biya musu kusan kashi ɗaya cikin biyar na bukatar yini. Taimako ne mai kyau, amma a kwatanta shi da tunkuzar waken suya, wadda kilo ɗaya yake ɗauke da furotin sama da giram 400. Sai an tara lita 12 zuwa 13 na nono kafin a kamo kilo ɗaya na tunkuza. Duk wanda ya san kuɗin lita 13 na nono a Kano ya san cewa sayen nono mai kyau don a ba kaza asara ce tsantsa. Ribar tana nan ne kawai idan nonon ya faɗi daga darajar abincin mutum, ana shirin zubar da shi.

Akwai kuma wata magana da ake yawan yi, cewa nono yana ƙara wa ɓawon ƙwai ƙarfi. Lita guda tana da sinadarin kalsiyam wajen giram ɗaya da ɗan ɗori, ɓawon ƙwai guda kuwa yana cin kusan giram biyu, kazar kuma tana bukatar kimanin giram huɗu a abincinta kullum. Sai ta sha fiye da lita uku ita kaɗai kafin ta biya wannan bukata. Maganin ƙwai mai taushin ɓawo yana ga garin ƙashi, da garin katantanwa, da ɓawon ƙwan da aka gasa aka daka.

Sai babbar hujjar masu adawa, wadda ba ta ture wa. Nijeriya ba ƙasar rarar madara ba ce. Farar saniyar Fulani, Bunaji, lita ɗaya zuwa biyu takan ba mai tatsa a rana, kuma da rani abin yakan ja baya sosai. Ƙasar tana kashe sama da dala biliyan ɗaya kowace shekara wajen shigo da madara daga waje, har Babban Banki ya taƙaita ba da kuɗin waje ga masu shigo da ita a 2020, kafin ya janye takunkumin a 2024. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma fiye da rabi. Litar nan guda, idan yaro ya sha, ya sami furotin da ya fi na ƙwai biyar. Idan aka bi da ita ta cikin kaza, ɗan kaɗan ne zai dawo a matsayin ƙwai. Saboda haka duk nonon da mutum zai iya sha, na mutum ne: yaron gida, almajirin ƙofar gida, maƙwabciya mai goyo. Kaza tana bayan layi.

Amma bayan an ba kowa nasa, akwai saura, kuma wannan saura ne ake magana a kai. Akwai nonon da ya kwana ya yi tsamin da ba ya shawuwa. Akwai ɗaurayen ƙwarya da na bokiti. Akwai ragowar fura da yara suka bari a kofi. Akwai yogot da masu ƙananan masana'antu suke kwasowa daga shaguna idan wuta ta ɗauke firji ya huce, abin da ba baƙo ba ne a Kano. Akwai ruwan da ke tsiyaya idan ana cuku. Duk wannan, a yau, hanyarsa ɗaya ce: kwata, daga nan rafin Jakara. Can kuma sai ya ruɓe ya ƙara wari da ƙuda a unguwannin da tuni suke fama da toshewar magudanai. Addini ya yi hani da almubazzaranci, kuma iyaye mata na birni da suke hana yaro taka ƙwayar hatsi ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan haka. Abin da suke bukata shi ne a gaya musu yadda ake yi ba tare da an kashe kajin ba.

Domin ana iya kashe su. Kaza ba ta shan mama, don haka hanjinta ba shi da isasshen sinadarin narkar da sukarin da ke cikin madara. Idan ta sha da yawa sai zawo, akurki ya jiƙe, ƙasan ya zama gidan cuta. Tsamin nono yana taimakawa, saboda ƙwayoyin da ke tsamar da shi suna cinye wani kaso na sukarin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma tsamin kansa yana takura wa wasu miyagun ƙwayoyin cuta. Shi ya sa nono da tsala suka fi ɗanyar madara dacewa da kaza. Ruwan cuku kuwa shi ya fi riƙe sukarin kuma furotin ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka a yi masa kaffa-kaffa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a kwaɓa. A zuba nonon a kan dusa ko tsaki har ya yi danshi, yadda idan an dunƙula a hannu zai haɗu, in an sake shi ya warwatse. Ga kaji goma, a fara da kofi guda a rana, a duba kashinsu kwana biyu ko uku, in bai tsinke ba a ƙara kaɗan. A ba su da safe, gwargwadon abin da za su cinye cikin rabin sa'a, a kwashe saura a wanke mazubin. A zafin Kano na watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, kwaɓaɓɓiyar dusa ba ta yini lafiya: ta yi fumfuna, ƙuda ya yi mata ƙwai, kuma ruɓaɓɓen abinci yana iya haifar da gubar da ke sa wuyan kaza ya saki ta kasa ɗaga kai. A zuba a kasko ko roba. Kwanon ƙarfe mai rufin zinki ba ya jituwa da tsami, domin tsamin yana cin rufin ya shiga abincin. Ruwan sha mai tsabta kuma ya zauna daban, nono ba ya maye gurbinsa. Yajin fura bai dami kaza ba, tsuntsu ba ya jin zafin barkono kamar mutum, amma abin da gishiri ya yi wa yawa yana kashe 'yan tsaki.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsami da ruɓa. Nonon da ya yi tsami yana nan da ƙanshinsa na nono, ko da ya yi kaifi. Wanda ya yi ɗoyi, ko ya yi yauƙi, ko launinsa ya juya, ko fumfuna ta hau kansa, ya wuce kaza ma. Haka madarar saniyar da ake yi wa allura: maganin yana fita ta nono, ya shiga kaza, ya sauka a ƙwai, ya ƙare a cikin yaron da aka soya wa. Ɗanyar madarar da ba a sani asalinta ba kuwa, a tafasa ta kafin a bar ta ta yi tsami. Tarin fuka na shanu da cutar ɓari ta bakkale suna bin ɗanyar madara, kuma mai kwaɓawa da hannu ita ce ta farko a gabansu. A watan Maris na 2024 an gano murar tsuntsaye a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka, aka kuma tarar da ƙwayar cutar a ɗanyar madararsu. Masu kiwon kaji a Kano, da suka ga abin da wannan cuta ta yi musu a 2006 da 2015, ba za su ɗauki tafasa a matsayin wahala ba.

Malamai ma suna da abin cewa a nan. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan birni, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, sai fa idan tana cin najasa. Kazar da yunwa ta kora bakin kwata tana tono ta shiga wannan togaciya, kuma ita ce take dawowa ta bi ta kan tabarmar salla. Wadda ta ƙoshi a gida ta fi zama a gida. Ciyar da kaza da kyau, ashe, har tsarkin tsakar gida yake taɓawa.

Wa zai haɗa mai nono da mai kaji? Ba aikin da ke bukatar kwangila ba ne. Yawancin gidajen birni suna da Bafulatanarsu ta shekara da shekaru, wadda ta san sunan yara, ake ajiye mata tsofaffin kaya, take kawo man shanu idan an yi haihuwa. Magana ɗaya ta isa: idan an yi kwantai, a biyo da shi ta nan, a karɓa a kan farashi mai sauƙi ko a musanya da ƙwai. Mai nono ta rage asara, ta koma da ƙwarya marar nauyi, uwargida kuma ta rage kuɗin dusa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A nan kazar ce za ta ci albarkacin saniya. Sai dai uwargida ta buɗe ido da rani, lokacin da nono ke ƙaranci har wasu suke tsawaita shi da ruwa da garin kuka. Irin wannan ba ya cutar da kaza, amma furotin ɗin da ake nema ya ragu.

Hukumomi ma da nasu aikin. Jami'ar Bayero tana da tsangayar aikin gona, akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya, wadda ta fito da kazar ƙwai ta Shika Brown. Gwaji ne mai arha a ɗauki kajin gida, a ciyar da wasu dusa zalla, wasu dusa da nono, wasu dusa da dusar awara, a ƙirga ƙwai da 'yan tsakin da suka rayu, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, da ma'aunin kofi da ludayi da gwangwani. Malaman gona na hukumar raya noma ta jiha, KNARDA, kuma su tuna cewa cikin badala ma akwai makiyaya, a ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, mafi yawansu mata ne da ba sa zuwa taron manoma. Idan za a shiga gidajensu da maganar abinci, a shiga da rigakafin cutar Nukasil da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take yi, domin babu nonon da zai tsare kaza daga annobar hunturu.

Kada kuma gwamnati ta ji wannan ta ɗauka an sauke mata nauyi. Akurki ba firji ba ne. Nono yana kwantai a Kano ne saboda babu sanyi tsakanin ruga da kasuwa. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, mai kuɗi dala miliyan 95, ya sa cibiyoyin tattara madara cikin ayyukansa. Kamfanoni irin su L&Z sun nuna cewa ana iya karɓar madara daga hannun makiyayan Kano a mayar da ita yogot. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manufar madara ta ƙasa a 2024, ta kuma kafa ma'aikatar kiwo a shekarar. Ma'aunin nasarar duk waɗannan shi ne yawan ƙwaryar da ke komawa ruga wayam da yamma. Ranar da kowace cibiya take da wutar sola da tankin sanyi mai aiki, rabon kaza zai ragu zuwa ɗauraye, kuma hakan shi ne daidai.

Kafin ranar ta zo, damina za ta ci gaba da kawo nono fiye da abin da birni ke sha a yini. Kira ga matan cikin badala shi ne su yi magana da mai kawo musu nono tun kafin ruwa ya sauka, su tanadi kasko, su fara da kofi guda. Kira ga malaman gona kuma shi ne su auna, su shiga rediyo su faɗi adadi, domin kada mai kaji takwas ta koyi ma'aunin da gawar 'yan tsakinta.